Magudana da Littafi: Ƙauyen Dalam Pagar da Fiƙihun Mutanen Bakin Kogi a Ƙasar Banjar

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi Dalam Pagar, wani ɗan ƙauye da ke bakin kogin Martapura a ƙasar Banjar, kudancin tsibirin Borniyo, cikin Indonesiya ta yau. Shehu Muhammad Arshad al-Banjari (1710–1812) ne ya kafa shi bayan dawowarsa daga Haramaini a 1772. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, karatun da ya fito daga wannan ƙauye ba ya fahimtuwa sai an haɗa shi da ƙasar da aka zauna a kanta da ruwan da ya kewaye ta. Gonar da ta ciyar da makarantar, da magudanar da ta busar da gonar, da littafin da aka rubuta a wurin, duk aiki ɗaya ne. An kuma dubi abin da zama kusa da fada ya saya wa ƙauyen, da abin da ya hana shi faɗa.

Gabatarwa



Idan aka ce mu lissafa garuruwan ilmi na ƙarni na 18, abin da ke zuwa bakinmu shi ne Alƙahira da Fas da Timbuktu, sai mu dawo gida mu ce Katsina da 'Yandoto da Gazargamu. Dalam Pagar ba ya cikin kowane lissafi namu. Ko a Indonesiya ma sunan malaminsa ya fi sunan ƙauyen nisan tafiya, domin ana kiransa Datu Kalampayan ne, da sunan wurin da aka binne shi, ba wurin da ya zauna ya karantar ba. Amma littafin da ya rubuta, Sabilul Muhtadin, har yanzu ana karanta shi a zaurukan malamai daga Borniyo zuwa Malesiya da Burunai da kudancin Tailan. Babban masallacin birnin Banjarmasin, wanda aka buɗe a 1981, sunan littafin aka sa masa.

Na dogara ne da aikin Azyumardi Azra a kan mahaɗar malaman Haramaini da na tsibiran gabas, wanda ya fito a 1994, da na Martin van Bruinessen a kan littattafan da ake karantawa a makarantun gargajiya na can, da na Alfani Daud na 1997, wanda Dalam Pagar na cikin wuraren da ya yi bincikensa. Sai kuma tarihin zuri'ar gidan, wanda Shehu Abdurrahman Siddiƙ ya tattara. Inda magana ta zama ruwayar baka ce zan faɗa.

Ƙasar da ruwa ya fi tudu yawa

Dalam Pagar yana cikin gundumar Martapura ta Gabas, a ƙaramar hukumar Banjar ta lardin Kalimantan ta Kudu. Yanzu ya rabu gida biyu a mulkance, akwai Dalam Pagar, akwai Dalam Pagar Ulu, watau na sama da kogi. Garin Martapura yana nan kusa, kimanin kilomita 40 daga Banjarmasin. Koguna biyu ne ke gangarowa daga duwatsun Meratus, Riam Kanan da Riam Kiwa, su haɗu su zama kogin Martapura, shi kuma ya ratsa ƙauyen ya je ya faɗa cikin Barito. Wurin bai wuce digiri uku da rabi kudu da tsakiyar duniya ba. Babu hunturu, babu bazara irin tamu. Zafi ne da laima shekara sukutum, damina kuma tana ƙarfi daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu.

Mai sauraro daga Kano ko Maraɗi sai ya juya tunaninsa kafin ya gane wannan ƙasa. Mu damuwarmu yadda za mu kawo ruwa gona. Su damuwarsu yadda za su fitar da shi. Gidajen katako ne a kan dirkoki, dirkokin kuma na ulin, wani icce mai tsananin tauri da ruwa ba ya cin sa. A ƙarƙashi sukan kafa sandunan galam cikin laka su zama tushe. A da gida kogi yake fuskanta, domin kogin shi ne titi, shi ne kasuwa, shi ne wurin wanka da wanki. Ɗan kwale-kwalen da suke kira jukung shi ne abin hawan kowa.

Noman shinkafarsu ya isa a tsaya a kansa. A filayen da ke ƙasa-ƙasa, manomin Banjar ba ya huɗa. Yana da wata doguwar adda mai lanƙwasa, tajak, da yake sheme ciyawa da ita tana cikin ruwa. Sai a tara ciyawar a dunƙule ta tsibi-tsibi, a bar ta ta ruɓe, sannan a watsa ta a gona ta zama taki. Dalilin ƙin huɗar ba lalaci ba ne. Akwai wani shimfiɗin ƙasa a ƙarƙashi wanda in aka tono shi iska ta taɓa shi sai ya yi tsami ya ƙone shuka. Irin kuma ba sau ɗaya ake dasa shi ba. Ana yafa shi a ɗan tudu, shi ne taradak. A cire a dasa a gefen ruwa, shi ne ampak. A sake rabawa a dasa, shi ne lacak. Sai ya yi tsawon da zai ɗaga kai sama da ruwa kafin a kai shi gona. Girbi ɗaya ake yi a shekara da irin gida kamar siam. Kusa da teku kuma suna da magudanai hawa-hawa: anjir mai haɗa kogi da kogi, handil mai shiga gonaki, saka ta iyali guda. Wanda ya raina wannan ilmi ya tuna abin da ya faru a lardin da ke maƙwabtaka da su, Kalimantan ta Tsakiya, inda gwamnatin Suharto ta ƙaddamar da shirin mayar da kadada miliyan ɗaya na dausayi gonar shinkafa a 1995. An haƙa manyan magudanai da injina, ƙasa ta bushe ta kama wuta, shinkafa ba ta samu ba, aka watsar.

Malamin da aka bai wa daji

An haifi Muhammad Arshad a ƙauyen Lok Gabang a 1710. Masarautar Banjar ta riga ta musulunta tun wajen 1526, zamanin Sarki Suriansyah, da taimakon daular Demak ta Jawa, amma Musuluncin ya fi zama a fada da bakin kasuwa. Yaron ya tashi a hannun fada, ita ce kuma ta ɗauki nauyin tafiyarsa Makka yana da kimanin shekara 30. Ya yi fiye da shekara talatin a Haramaini. A Madina ya yi fiƙihun Shafi'iyya wurin Muhammad bin Sulaiman al-Kurdi, ya karɓi ɗariƙa wurin Muhammad bin Abdulkarim as-Samman, wanda ya rasu a 1775. Abokan karatunsa da aka fi ambata su ne Abdussamad na Palembang, da Abdurrahman al-Misri na Batabiya, da Abdulwahab Bugis, wanda daga baya ya auri 'yarsa.

A nan ne hanyarmu ta haɗu da tasu, ba da zato ba. Sammaniyyar da Arshad ya kai Banjar ita ce Shehu Ahmad aɗ-Ɗayyib al-Bashir ya kai Sudan, ita ce kuma reshen da Shehu Nasiru Kabara ya haɗa cikin Ƙadiriyyar Kano. Silsilar da ake karantawa a Martapura da wadda ake karantawa a Omdurman da Kabara suna tsayawa a kan mutum ɗaya a Madina.

A hanyarsa ta komawa ya yada zango a Batabiya, Jakarta ta yanzu, inda ya gyara alƙiblar wasu masallatai, har da na Jembatan Lima. Ya iso Martapura a watan Azumin 1186, watau ƙarshen 1772, yana da shekara 62. Mutum a wannan shekaru, da irin wannan karatu, fada za ta so ta ajiye shi a gefen karaga. Abin da ya faru shi ne Sarki Tahmidullah na Biyu ya ba shi wani fili a bayan gari, daji ne da kwari, aka kewaye shi da shinge. Daga shingen ne ƙauyen ya samo sunansa. Ya gina gida da ɗan masallaci da ɗakunan almajirai, aka share daji, aka fara noma.

Ruwayar mutanen wurin ta jingina masa haƙa wata doguwar magudana da ake kira Sungai Tuan, a yankin Astambul. Masu ba da labarin karama sun ce da sandarsa ya ja layi a ƙasa ruwa ya bi. Ba aikina ba ne in yi gardama da masu wannan ruwaya, amma abin da ido ke iya gani ya ishe ni hujja: magudanar tana nan, ƙauyuka biyu na ɗauke da sunanta, Sungai Tuan Ulu da Sungai Tuan Ilir, kuma yankin ya zama ƙasar shinkafa da lambunan lemo. Magudana irin wannan ba ta haƙuwa sai da gayya, gayya kuma ba ta taruwa sai ga wanda ake jin maganarsa. Malamin da ya iya tara mutane su zauna karatu shi ne ya iya tara su su shiga laka.

Dalilin da ya sa na nace a kan gonar shi ne, ita ce ta ba makarantar ƙafar tsayuwa. Almajiri ya zo daga yankin Hulu Sungai ko daga bakin teku, ya yi noma da hantsi, ya yi karatu, ya ci daga abin da aka noma. Mun san wannan a tsangayunmu na da, kafin bara ta rinjayi noma. Salon karatun ma ba baƙo ba ne gare mu. Suna ce masa mangaji duduk, karatun zaune: malami, wanda suke kira Tuan Guru, yana zaune a gidansa da littafi buɗe, yana karantawa yana fassarawa, ɗalibai na biye suna sa wasali suna rubuta ma'ana a ƙarƙashin layi. Babu aji, babu jarrabawa. In an sauke wannan littafi a ɗauki na gaba, ɗalibi kuma yana iya zuwa wurin malami uku a yini, kowanne da fanninsa.

Fiƙihun mutanen bakin kogi

A 1193 Hijira, watau 1779, sarki ya nemi Shehu Arshad ya rubuta littafin fiƙihu da harshen Malayu. Ya gama shi a 1195, watau 1781. Da haruffan Larabci aka rubuta shi, rubutun da suke kira Jawi, wanda shi ne ajaminsu. Akwai littafin da ya riga shi, Siraɗul Mustaƙim na Nuruddin ar-Raniri, wanda aka rubuta a Aceh a ƙarni na 17, sai dai kalmomin mutanen Aceh sun yi yawa a cikinsa, mutanen Banjar ba sa gane shi sosai. Arshad ya sake ginin daga tushe, yana ɗebowa daga manyan littattafan Shafi'iyya na baya: Tuhfa ta Ibn Hajar al-Haitami, Nihaya ta ar-Ramli, Mugni na al-Khaɗib ash-Shirbini, da sharhin Zakariyya al-Ansari. Babobinsa na ibada ne: tsarki, salla, jana'iza, zakka, azumi, hajji, layya, farauta da yanka, da abin da ya halatta a ci. An buga shi a Makka da Istanbul da Alƙahira a shekarun 1880, daga nan ya bazu.

Sai a tambaya, in dai daga littattafan Misira aka ɗebo, ina ƙauyen yake a ciki? Yana cikin abin da aka zaɓa aka faɗaɗa, da abin da aka yi saurin wucewa.

Mu fara da kabari. Malaman Shafi'iyya sun karhanta binne mamaci cikin akwati, sai da uzuri, kamar ƙasa mai laima ko mai rugujewa. A Alƙahira wannan togaciya ce ta layi ɗaya, wadda alƙali zai iya tsufa bai gamu da ita ba. A ƙasar Banjar ita ce halin yau da kullum. Masu haƙa ba sa yin nisa ruwa ke tsattsafowa, kafin a gama ramin ya cika, lahadu kuwa ba ya tsayawa a laka. Sai a sa gawa cikin akwatin katako, tabala, a saukar da shi, a danne shi don kada ya taso, sannan a mayar da ƙasa. Arshad ya ɗauki wannan togaciya ya ba ta wuri: akwati ba shi da kyau in babu dalili, amma in ƙasa mai ruwa ce, ko ana tsoron dabba ta tono, to hukuncin ya juya, har yana iya zama dole. Bai ƙirƙiro hukunci ba. Ya dai san inda mutanensa ke binne 'yan'uwansu.

Haka batun ruwan tsarki. Mu Malikawa abin ya zo mana da sauƙi, ruwa na nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai sauya ba. Su Shafi'awa suna da ma'auni na ƙulla biyu: ruwan da bai kai wannan yawa ba najasa na ɓata shi da taɓawa kawai, ko bai sauya ba, ruwa mai gudu kuma yana da nasa lissafin. Yanzu a ɗora wannan a kan ƙauyen da masai ɗinsa ɗan ɗaki ne a kan gungumen itace yana yawo bisa kogi, wanda suke kira jamban, ga mai alwala a matakalar gidansa 'yan taku kaɗan daga nan. Tambayar ba ta littafi ba ce, ta kowace asuba ce. Masu nazarin Sabilul Muhtadin na Indonesiya sun daɗe suna nuna wannan masai na kan ruwa a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da ƙasar Banjar ta leƙo cikin littafin.

Babin zakka ne aka fi yi masa kirari a wannan zamani. Ya ce matalaucin da ya iya sana'a a saya masa kayan aikinta, wanda ya iya kasuwanci a ba shi jari gwargwadon kasuwarsa, wanda bai iya ko ɗaya ba a ba shi abin da zai saya gona ko lambu da amfaninsa zai riƙe shi tsawon rayuwar da aka saba. Wasu marubutan can suna kawo wannan kamar shi ya fara faɗa. Ba haka ba ne, maganar tana wurin an-Nawawi da masu sharhinsa. Ni a ganina darajarsa ba ta ragu ba don wannan. Ya fitar da ita daga Larabcin da malamai kaɗai ke ji ya sa ta cikin harshen da mai ba da zakka ke ji, kuma mutumin da ya rubuta ta ya riga ya ga abin da fili ɗaya da magudana ɗaya suka yi wa marasa shi.

Sai mas'alar da ta fi kowacce nauyi, wadda ba a cikin Sabilul Muhtadin take ba, ana dai jingina masa ita a babin gado: harta perpantangan. Idan miji ko mata ya rasu, dukiyar da suka tara tare a zaman aure ana fara raba ta biyu, mai rai ya ɗauki rabi a matsayin haƙƙin guminsa, sannan a raba sauran rabin bisa ƙa'idar gado, shi ma ya sake samun rabonsa a ciki. Wanda ya san kogin Martapura ba zai yi mamaki ba. Ƙasa kaɗan da Dalam Pagar akwai kasuwar kan ruwa ta Lok Baintan, wadda ke ci tun da asuba. Kusan duk masu tuƙa jukung ɗin mata ne, da malafarsu mai faɗi ta ganye, tanggui, kwale-kwale cike da ayaba da lemo da ganye da kifi. Matar da ta tuƙa, ta yi dashe, ta yi girbi, ta kai kasuwa, ba a ce mata tumunin tarika kaɗai ne nata, alhali rabin tarikar ita ta samo. A ƙasar Hausa an bi wata hanya zuwa ga adalci iri ɗaya: abin da mace ta samu da sana'arta nata ne daban tun farko, ba ya shiga tukunyar miji. Su tukunyar ɗaya ce, dole a raba ta kafin gado. Kundin dokokin Musulunci na Indonesiya na 1991 ya tabbatar da wannan rabi ga mai rai daga ma'aurata a ƙasar baki ɗaya.

Kada a ɗauka duk al'ada ya rungume. Littafin Tuhfatur Ragibin, wanda mutanen Banjar ke jingina masa, wasu masu bincike kuma ke cewa na abokinsa Abdussamad ne, ya yi kaca-kaca da manyanggar banua da mambuang pasilih, bukukuwan kai wa iskoki abinci don su bar gari lafiya ko su saki maras lafiya. Wanda ya karanta abin da Shehu Usmanu ya rubuta a kan yanka ga duwatsu da itatuwa zai ji muryar ba baƙuwa ba ce. Layin da aka ja a bayyane yake: abin da ƙasa da ruwa suka tilasta a nemo masa mafita, abin da ya taɓa tauhidi babu sassauci.

Jikar malam

A cikin shingen mata ma sun yi karatu. Faɗima, 'yar Abdulwahab Bugis, jikar Shehu Arshad ta wajen 'yarsa Sharifa, ita ce ke karantar da mata. Akwai wani ɗan littafi na farillan addini, Parukunan, wanda ya shiga gidaje fiye da Sabilul Muhtadin saboda ƙanƙantarsa da sauƙinsa. An buga shi da sunan Mufti Jamaluddin, ɗan Shehu, amma ruwayar gidan, wadda van Bruinessen ya kawo, ta ce Faɗima ce ta rubuta. Nana Asma'u (1793–1864) ta yi sa'a sunanta ya zauna a kan aikinta. Ta Dalam Pagar sai da aka nemo nata daga bakin dangi.

Shinge da fada

Ga inda nake ganin masu yabo suna saurin wucewa. Sarkin da ya ba da filin, ya kuma nemi a rubuta littafin, riƙon ƙwarya aka ba shi a 1761 kafin 'ya'yan sarkin da ya rasu su girma, sai ya zauna daram. Ɗaya daga cikinsu, Pangeran Amir, ya tashi neman gadon ubansa da taimakon mayaƙan Bugis. Tahmidullah ya kira kamfanin Turawan Holan, waɗanda idonsu ke kan masoron Banjar tun ƙarni na 17. Suka kama Amir a 1787 suka kai shi tsibirin Silon. Ladansu kuwa yarjejeniyar wannan shekara ce, wadda ta mayar da masarautar aro daga hannun kamfani. Shekara shida ke nan bayan gama Sabilul Muhtadin, Shehu Arshad kuma yana raye, ya ƙara shekara 25 a duniya bayan haka.

A daidai wannan lokaci, shekara ɗaya ko biyu tsakani, Shehu Usmanu ya tsaya gaban Bawa Jangwarzo a Magami ya ƙi karɓar kyauta, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta haraji. Ɗegel ƙauyen malami ne kamar Dalam Pagar, amma ba sarki ne ya yanka masa fili ba, hanyarsa kuma ta kai shi Gudu a 1804. Ba na kawo wannan don in ɗaga wani in ƙasƙantar da wani. Halin ya bambanta. Shehu Arshad ɗan fada ne tun yana yaro, sarkinsa kuma shi ke neman shari'a, ba ya gudun ta. Abin da ya samu da wannan kusanci ba kaɗan ba ne: an kafa ofishin mufti da na alƙali, jikansa Muhammad As'ad ne aka fi sani da mufti na farko, 'ya'ya da jikoki suka bazu garuruwa suna karantarwa da hukunci. Dokokin Sarki Adam na 1835, waɗanda suka tsayar da mazhabar Shafi'i a masarautar, daga wannan gida suka sha. Amma gonar da ta 'yantar da malam daga neman abinci a hannun attajirai ba ta 'yantar da shi daga wanda ya ba da gonar ba. Littattafan da suka fito daga cikin shingen na ibada ne da aƙida da aure da gado. Babu irin Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu a cikinsu.

Da rikicin ya fashe, daga ɗaya ɓangaren ya fito. Pangeran Antasari, wanda ya jagoranci yaƙin Banjar da ya tashi a 1859, jikan Amir ne. Holan ta soke masarautar a 1860. Fada ta tafi, ƙauyen ya zauna, ofisoshin mufti da alƙali ma suka ci gaba a ƙarƙashin sabon mai mulki.

Abin da ya yaɗu, da abin da ya iso

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa gona da karatu tsari ɗaya ne ita ce yadda 'ya'yan gidan suka maimaita shi a wani wuri. Shehu Abdurrahman Siddiƙ, wanda aka haifa a Dalam Pagar, ya yi karatu a Makka, ya zauna a tsibirin Bangka, daga baya ya ƙaura Sapat a ƙasar Indragiri ta Sumatra. Abin da ya yi a can shi ne ya haƙa magudana, Parit Hidayat, ya buɗe lambunan kwakwa, ya gina masallaci da makaranta, yana ciyar da ɗalibai daga amfanin lambun. Ya zama muftin masarautar Indragiri, ya rasu a 1939.

A gida kuma karatun ya sauya kama. An buɗe makarantar Darussalam a Martapura a 1914, ta zama babbar cibiya mai aji da tsari, Dalam Pagar ma yana da tasa, Sullamul Ulum. Shehu Muhammad Zaini Abdul Gani (1942–2005), Guru Sekumpul, wanda zuri'ar gidan ne kuma ɗan Sammaniyya, taron tunawa da rasuwarsa yakan cika Martapura da jama'ar da ake ƙiyastawa da miliyoyi. Na Datu Kalampayan kuma, wanda ya rasu 6 ga Shawwal 1227 Hijira, ana yin sa a masallacin Tuhfatur Ragibin na Dalam Pagar, masu ziyara kuma ba sa yankewa a hubbarensa da ke Kalampayan.

Ruwan ne ya sauya fiye da komai. A Janairun 2021 ambaliya ta mamaye Kalimantan ta Kudu, ƙaramar hukumar Banjar na cikin inda abin ya fi muni. Ƙauyukan bakin kogin Martapura suka nutse, gadar da ke kan babbar hanyar zuwa Hulu Sungai ta karye a wajen Mataraman. Shugaban ƙasa na lokacin, Joko Widodo, ya zo Martapura ya ɗora laifin a kan ruwan sama da aka jera kwanaki ana yi. Ƙungiyar kare muhalli ta Walhi ta ce a dubi sama da kogi, inda ta ƙiyasta kusan rabin ƙasar lardin na ƙarƙashin lasisin haƙar kwal da gandayen kwakwar manja. Mutanen da Shehu Arshad ya rubuta wa littafi sun san lokacin da kogi ke cika da lokacin da yake janyewa, tsawon dirkokin gidajensu da kalandar dashensu a kan wannan sani aka auna su. Yanzu yawan ruwan da zai iso Dalam Pagar ya rataya ne a kan abin da aka sare da abin da aka tone a gindin Meratus, bisa takardun izinin da aka sa wa hannu a Banjarbaru da Jakarta. Wannan mas'ala ba ta babin tsarki ba ce, ta babin cutar da maƙwabci ce da biyan diyyar ɓarna, kuma wanda za a yi ƙara shi ne mai bayar da fili.